Ranar da Tsattsewa Ta Ɓace daga Gareji

Ana gobe tseren motoci na hawan dutse, Nives Cavazzuti na tsaye a shagon Wainer tana kurɓar kofinta na safe, sai Imelde Pellacani ta banko ƙofa ta shigo tana haki.

"Tsattsewa ba ta gareji," in ji ta. "An ɗauke ta."

Tsofaffin da ke karta a teburin lungu suka ajiye kartarsu. Ba wanda ya tambayi wace Tsattsewa, don a Serrazzola mota ɗaya ce ke da suna. Kakan Imelde, Dorando Pellacani, shi ya ƙera ta bayan yaƙi, da injin wata tsohuwar ƙaramar mota da fallayen alminiyam na jirgin saman da ya faɗo a bayan dutse. Ja ce wur, ba rufi, kujera biyu, gajeruwa har mai tuƙi yana iya shafa kwalta daga zaune. Da ita Dorando ya riƙa hawa dutsen nan yana barin motocin attajiran Modena suna shaƙar hayaƙinsa. Wata shekara ta ƙwace masa a Kwanar Coci ta daki katanga. Ya tashi da karaya a cinya, ya sa aka tura ta rumbun ciyawa, har ya mutu bai sake leƙa ta ba. Kaji suka mai da kujerunta wurin saka ƙwai.

Imelde ce ta jawo ta waje bayan ta gaji gidan, mutum biyu suka taya ta aiki. Ilir, bakanike ɗan Albaniya, ya wargaza injin ƙusa-ƙusa, abin da tsatsa ta cinye ya ƙera sabo. Baba Afro Guerzoni kuma ya miƙe jikin da guduma, kamar yadda mahaifinsa Primo ya buga shi tun farko. Shekaru suka kwashe a kai. Gobe Imelde za ta hau dutsen da ita, gari duk ya sha tutoci, mata sun gaji da murza taliya saboda baƙi.

"An fasa ƙofar?" Wainer ya tambaya.

"Kwaɗon lafiya lau yake. Da mabuɗi aka buɗe."

"Su wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da Baba Afro, da Ilir."

Ɗaya daga cikin masu kartar, Ottorino, ya gyaɗa kai. "To ai magana ta ƙare. Shekaranjiya na gan shi a wancan teburin, shi da ɗan Milano mai sayen tsofaffin motoci, suna ƙus-ƙus."

"Ilir ya fi shekara ashirin a garin nan," in ji Nives. "Shi ya tayar maka da tarakta bara, bai karɓi ko sisi ba."

"Ya tayar. Amma ina aka binne kakansa?"

Nives ta shanye sauran kofin. Ta yi rayuwarta tana aikin gandun daji, tana bin sawun kyarkeci da barewa a tsaunukan nan, kuma tun da ta yi ritaya ba ta bi sawun komai ba sai na katantanwar da ke cinye mata latas. Ta ji wani abu ya motsa mata a ƙirji, irin wanda take ji idan ta ga sabon sawu a kan ƙanƙara. Ta ɓoye shi, don bai kamata a ga tana murna ba alhali Imelde na share hawaye.

"Mu je in gani, 'yata," ta ce.

*

Kafin su isa, rabin gari ya riga su, an tattake ƙofar garejin kaf. Saje Cacace, shugaban 'yan sandan garin, yana tsaye riƙe da wasu takalman roba masu dogon wuya, laka ta kama su dumu-dumu.

"Na wa ne waɗannan?" ya tambaya.

"Nawa ne," in ji Ilir. Dogon mutum ne marar yawan magana, baƙin mai ya zauna masa a farce. "A nan nake barin su. Jiya a bushe na bar su."

"To su suka fita yawo da kansu?"

Aka yi dariya, irin wadda ba daɗi. Saje ya ce Ilir ya biyo shi ofis a yi magana. Ilir ya dubi Imelde. Ta buɗe baki, ta rufe, ta kau da kai. Nives ta ga yadda fuskarsa ta sauya, ta san wannan kau da kan ya fi masa ciwo a kan tafiya ofis.

Ta durƙusa a bakin kwalta. An yi ruwa jiya da yamma, ƙasar gefen hanya tana da taushi. Can nesa da inda aka tattake ta ga sawun taya mai faɗi, bibbiyu a baya. Babbar mota ce, ta tsaya daidai ƙofar garejin bayan ruwa ya ɗauke, sannan ta juya.

"Wa ke da babbar mota mai rufaffen baya a garin nan?" ta tambayi Imelde.

"Lamberti. Ɗan Milano."

Nives ta miƙe da sauri har gwiwarta ta yi ƙara.

*

Ta sami Lamberti a masauki yana shafa wa burodi zuma. Mutum ne mai ƙiba, ya ɗaura jan ƙyalle a wuya.

"Na je," ya ce, ko gezau. "Da sassafe. Na ce bari in roƙi yarinyar nan sau ɗaya kafin ta je ta ragargaza dukiya a kan dutse. Na tarar da ƙofa a kulle, na dawo."

"Me ka ce wa Ilir a shagon Wainer?"

"Aiki na yi masa tayi a Milano, albashi ninki. Ya ce mini matarsa ta shuka tumatir, ba ya iya tafiya. Kin taɓa jin irin wannan amsa?"

"Buɗe mini bayan motarka."

Ya buɗe yana dariya. Manyan ƙwallayen cuku ne jere a ciki, da kwalaben tsohon ruwan tsami da ya saya wa abokansa.

"Baiwar Allah, ki yi tunani," ya ce yana rufewa. "Motar nan guda ɗaya ce a duniya. In na sace ta, wa zan nuna wa? Mu abin da muke saye shi ne hassadar abokai. Motar da ba za ka nuna ba ai tarkace ce."

Nives ba ta so mutumin ba, amma ta yarda da maganarsa.

*

A ofishin 'yan sanda Saje ya bar ta ta ga Ilir, don yana jin nauyinta tun ranar da ta gano masa surukinsa da ya ɓata a daji yana neman naman kaza.

"Gwaggo Nives, ban taɓa ta ba," in ji Ilir. "Kin san yadda injin nan ya zo hannuna? Ɓera ya yi gida a cikinsa. Ranar da ya fara tashi, ni da Imelde muka rungume juna muna kuka. Yau ko kallona ba ta iya yi."

"A ina ka bar takalman?"

"Gindin ƙofar baya."

"Garejin na da ƙofar baya?"

"Akwai, a bayan tarin tayoyi. Ba a buɗe ta. Tsohuwar hanyar alfadarai ce a wajen, wadda ke gangarawa kurmin itatuwan kastanya."

Nives ta riga ta kai ƙofa kafin ya ƙarasa. Kowa ya ɗauka mota sai kwalta, har ita.

*

Mutane sun watse daga garejin, sai Baba Afro kaɗai zaune a kan benci yana juya hularsa a hannu. Tsohon kekensa na jingine da bango, wanda yara ke tsokanarsa da shi suna cewa ya girmi cocin garin.

"Sannu, Afro. Abin bai yi daɗi ba."

"Bai yi ba." Muryarsa ta dushe. "Ina za ki?"

"Baya."

"Ba komai can sai ƙaya da laka. Ki tausaya wa gwiwarki."

Ta zagaya. An mai da tarin tayoyin wurinsu, amma ƙasan ƙofar ya zana sabon baka a turɓaya. Ta fita, ta tsaya cak. Ga su nan a cikin laka, layi biyu sirara, kamar na keken doki. Sawun tayoyin Tsattsewa ne, waɗanda babu irinsu a duk lardin.

Ta bi su a hankali, tana takawa a kan ciyawa don kada ta ɓata komai. Sawun takalman roba na tafe a gefen mota, ɓangaren sitiyari. Takalman Ilir ne, amma takun gajere ne, kuma bakin takalmin bai nutse ba, kamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ba ta tsaya a kan wannan ba, don ta san Saje zai ce mai tura mota dole takunsa ya gajarta.

Abin da ya tsayar da ita wani rami ne ɗan ƙarami mai kusurwa, a gaban sawun taya. Ta yi gaba kaɗan ta ga wani. Gaba kuma wani. Haka suka jeru har ƙasan gangaren. Weji ne, guntun itacen da ake tare taya da shi. Wanda ya ɗauki motar yana ajiye wejin a gaba, ya bar ta ta gangaro ta tokare, ya zare ya sake ajiyewa a gaba. A kwana kuma sawun ya yi ta karkace-karkace, an juya sitiyari ya wuce kima an dawo da shi.

Nives ta zauna a kan dutse. Hanyar gangara ce mai sauƙi tun daga ƙofa har kurmi. Sai ta yi dariya ita kaɗai, dariyar ta yanke da ta gane wanda sawun ke nunawa.

A ƙarshen hanyar akwai tsohon ɗakin dutse inda ake busar da 'ya'yan kastanya a da. Ta tura ƙofar. Tsattsewa na ciki, an lulluɓe ta da barguna, an sa mata weji gaba da baya. Nives ta ɗaga bargo ɗaya, jan fentin ya haska ɗakin. Ko ƙwarzane babu.

*

Da yamma ta tara su a ƙofar ɗakin: Imelde, Lamberti, Saje da Ilir a gefensa, da Baba Afro. Wainer ya rufe shago ya biyo su, Ottorino da abokan kartarsa ma ba a bar su a baya ba. Da Nives ta yaye bargunan, Imelde ta faɗa kan motar tana shafa ta, tana dariya tana kuka. Wainer ya jefa hularsa sama.

"Madalla," in ji Saje. "Ga mota, ga takalmi, ga mai takalmi."

"Dakata, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya zan yi." Nives ta juya ga Lamberti. "In kai ne za ka kawo motar nan daga gareji zuwa nan ba tare da ka tayar da inji ba, yaya za ka yi?"

"Wannan ma tambaya ce? In ɗan tura ta, in faɗa ciki, gangara ta yi mini sauran aikin. Ƙafa a kan birki kawai."

"Imelde?"

"Haka zan yi."

"Ottorino, kai fa?"

"Ko jikata haka za ta yi."

"Ilir?"

"Ni na ɗaura birkin nan da hannuna, Gwaggo. Zai tsayar da ita ko a kan rufin coci."

"To ku zo ku gani." Ta kai su bakin hanya ta nuna musu ramukan. "Wanda ya kawo ta bai shiga ciki ba ko sau ɗaya. A ƙasa ya taka, hannu ɗaya a kan sitiyari, yana tare ta da weji taku bayan taku, tun daga sama har nan. Aikin da mai tuƙi zai gama kafin kofi ya huce, shi ya kwashe rabin dare yana yi, bayansa na ciwo. Ba wanda zai sha wannan wahala sai wanda bai iya tuƙi ba. Cikin masu mabuɗi uku, wane ne bai taɓa zama bayan sitiyari ba?"

Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka dubi Baba Afro.

Tsohon ya zauna a kan dokin ƙofa kamar an zare masa ƙashi.

"Baba," in ji Imelde a hankali. "Kai?"

"Ina yaro ranar," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ina kan kafaɗar babana a Kwanar Coci, muna ɗaga wa kakanki hannu. A gabanmu ta daki katangar. Na ji ƙarar ƙarfen da babana ya buga da hannunsa yana naɗewa kamar takarda. Na ga an jawo Dorando ƙashi a waje. Tun ranar ban yarda na tuƙa komai mai inji ba. Da kika ce in miƙe ta, na ɗauka a ɗaki za a ajiye ta a riƙa kallo. Jiya na gan ki kina gwada hular kwano kina dariya, dariyarki irin tasa sak. Na ce in ɓoye ta har tseren ya wuce, Litinin in dawo da ita."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na faɗa miki tun bara. Kika sumbace ni a goshi kika ce na tsufa."



"Takalmana fa?" Ilir ne ya yi magana, bai ɗaga murya ba.

"Laka na gani, su ne kusa. Wallahi ban yi don a kama ka ba."

"Na yarda. Amma kana zaune a benci aka tafi da ni. Ka gan ni, na gan ka. Na ji 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata ubanta ɓarawo ne. Shekara nawa muna cin abincin rana a benci ɗaya, Baba?"

Afro ya rufe fuska da hula.

Saje ya gyara murya ya ce doka tana da abin cewa, in mai mota ta shigar da ƙara. Imelde ta girgiza kai. Ta je gaban Ilir ta ce ita ma ta kau da kai, ba ta da bakin magana, shi ya yanke.

Ilir ya daɗe yana kallon motar. "Ba na son a kulle tsoho," ya ce. "Gobe da safe, kafin tsere, ya tsaya a dandali gaban kowa ya faɗi wanda ya ɗauka. Da bakinsa. Kai kuma Ottorino, ka tsaya kusa da shi, don ka fi kowa jin maganar da kyau."

Ottorino ya shiga neman wani abu a aljihunsa da babu shi.

*

Washegari Afro ya faɗi gaskiya. Ya tsaya a gindin tutoci, ya faɗa har sau biyu don na baya ba su ji ba. Wasu suka yi tsaki, wasu mata suka share ido. Matar Ilir ta riƙe hannun 'yarta ta tsaya a sahun gaba har ya gama.

Sannan Ilir ya tayar da injin. Ƙarar ta daki bangon coci ta dawo, tattabaru suka watse, tsofaffin da suka ji ta suna yara suka kama ihu kamar ba su ba. Imelde ta ɗaure hular kwano, ta nuna wa Ilir kujerar gefe. Ya yi ɗan jim, sannan ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga.

Nives ta tafi Kwanar Coci, ta tarar da Afro can shi kaɗai, ya dafa katanga. Ta tsaya kusa da shi. Suka ji Tsattsewa tun daga ƙasa tana hawowa, kukan injin na sauyawa a kowace kwana. Sai ga ta ta ɓullo, ja kamar garwashi. Bayanta ya zame, ya goga katangar, tartsatsi ya tashi. Afro ya damƙe hannun Nives har ta ji zafi. Imelde ta murɗa sitiyari, motar ta miƙe, ta wuce sama a guje. Nives ta tsinci kanta tana tsalle tana kiran sunan Imelde, ta manta da gwiwa.

Ba su zo na ɗaya ba, na uku suka zo, amma Serrazzola ta yi biki kamar sun ci duniya. Da aka gangaro da motar dandali, gefenta na baya ya loɓa, fenti ya kankare. Mutane suka kewaye ta suna jimami, Lamberti ya kama kai yana cewa ai shi ya faɗa musu tun farko.

Afro ya tsaya nesa, bai matso ba. Ilir ya fito daga motar, ya shafa wurin da ya loɓa, ya ɗaga kai ya neme shi cikin taron.

"Baba," ya ce, "wannan ba aikina ba ne. Gobe ka zo da gudumarka. Amma ka zo da takalmanka."

Tsohon ya taho a hankali, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen yana auna zurfin loɓawar. Nives ta ga leɓɓansa na motsi, ya riga ya fara lissafin ta inda zai soma bugu.